Layi na Ashirin da Biyu

Ƙarfe ɗayan dare a Gangare.
Shayin da Sabitu ya aiko ya huce a kofi,
sanyin Jos na shigowa ta ƙasan ƙofa
kamar mai bin bashi da ya san gidan.
Suna ashirin da ɗaya na rubuta.
Saura gurbi guda. Saura kai, Tasi'u.

Gobe da hantsi sakatare zai kai takarda,
ba ya jin "bari in sake tunani".

Na haddace lissafinka kamar kuɗin haya:
kaka uku, wasa goma sha tara.
Gwiwar hagu a Bukuru, ranar da aka yi ƙanƙara,
idon sawu a filin Rikkos,
tsokar cinya sau biyu,
na biyun ma ko ƙwallo ba ka taɓa ba,
wajen ɗumama jiki ta ce ga garinku.
Mai ɗorin Dilimi ya fi 'yan kallo sanin fuskarka.
Ciyaman ya ce, "Koci, kulob muka buɗe, ba asibiti ba.
Wa ke zuwa rafi da tulu mai yoyo?"
Ban ce ya yi ƙarya ba.

Ga kuma Davou, ɗan shekara sha takwas,
ƙafafu kamar taɓarya, ko mura ba ta kayar da shi.
Kullum yana riga ni zuwa fili.
Zai ba ni minti casa'in duk Asabar,
casa'in ɗin da babu mai tunawa ran Lahadi.
In na ajiye shi, da wane ido zan dubi uwarsa
mai dankali a Farin Gada,
wadda ta juye ribar buhu biyu
a kan takalmin gwanjo mai ƙusa?

Amma ni ganau ne.
Minti tamanin da bakwai, kunnen doki,
faɗuwa daga gasa na leƙo mu ta taga,
ka karɓi ƙwallo a bakin layi,
ka tsaga mutum biyu kamar tela da sabon yadi,
na ukun ya zauna daɓas yana neman inda ka bi.
Raga ta girgiza.
Mai rake ya watsar da rakensa,
'yan keke suka yi ta hon har Titin Bauchi.
Muka ruga mu ɗaga ka,
muka tarar da kai a ƙasa, riƙe da gwiwa,
kana dariya, hawaye na zuba.

To da wane mudu ake auna ɗan wasa?
Da ranakun da ya zo,
ko da rana ɗaya da ta ƙi barin bakin mutane?
Kai wutar lantarki ce, Tasi'u:
ka zo, unguwa ta ɗauki ihu,
ka ɗauke, mu koma laluben ashana.
Davou aci-balbal ne,
ba ya haska titi, amma ba ya ba ka kunya.

Abin da ban gaya wa ciyaman ba:
ni ma gwiwa ce ta zaunar da ni.
Wani koci ya ja layi a kan sunana
yana cin gyaɗa, bai ko ɗago kai ba.
Har yau in hadari zai haɗu
ita ke fara sanar da ni.
Shi ya sa nake zargin zuciyata.
Kai nake gani, ko kuwa kaina?

Shekaranjiya na hango ka da asuba
kana hawa da sauka a matakalar fili,
kai kaɗai, bandeji ya yi baƙi,
kana ƙirga wa kanka da ƙarfi.
Na ɓuya bayan mota don kada mu gaisa.

Ga shi har an fara kiran assalatu.
Na ɗora biro a kan layin,
ya ƙi rubutu, sanyi ya daskarar da tawada.
Na sa shi a hammata,
ina jira ya yi ɗumi.
Kada ya yi sauri.